Azumin da Surukina Ya Fake da Shi

Da sunan Allah nake farawa, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa surukina addu'a kafin ya ce komai a kansa. Ba da son raina nake rubutawa ba. Magana ce da ko ni da matata sai mun kawar da kai muke yin ta. Amma uwar matata, wadda muke kira Dada, ita ta ce in faɗa, kuma ta fi ni iko da sirrin mijinta. Sunayen mutane kawai na sauya.

Ni tela ne a Mubi, Sa'idu ake ce mini. Kakana ne ya zo daga ƙasar Kano da allurarsa da almakashi, aka haifi mahaifina a nan, ni ma aka haife ni a nan. Na auri Dija, 'yar Modibbo, Bafulatanin da ke limancin ƙaramin masallacin unguwarmu tun kafin in yi wayo. Wanda ya zauna da Fulani ya san kunyar suruki a wurinsu ba wasa ba ce. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa kurɓar ko ruwa ina wurin ba. In na hango shi a hanya sai in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa, ya amsa yana duban wani gefen. Sunana kuwa bai taɓa fita daga bakinsa ba. Tela yake ce mini, shi ma sai ta kama dole.

Ciwon ya shigo ne ta ƙofar da duk muka ɗauka alheri ce. Modibbo dama yana azumin Litinin da Alhamis. A shekarar da masu tada ƙayar baya suka sa aka gudu daga Mubi, bayan ƙaramar salla ya yi sitta shawwal, daga nan bai sauke ba. Ya koma yau azumi gobe hutu, kafin babbar salla ya mayar da shi kullum, in ban da ranakun da aka hana. Ko an kira magariba, dabino ne da kurɓin ruwa, sai ɗan tuwo ba miya sosai. Lokacin mutanen Michika sun cika gari da ƙunshin kayansu a ka, kowa cikinsa ya ɗuri ruwa. Sai aka fara cewa Modibbo saboda gari yake azumi, don Allah ya kare mu. Ni kuwa uban 'yan baki, duk wanda ya shigo shagona sai na ce masa, "Ka ga surukin nan nawa? Wallahi shi ke riƙe da unguwar nan." Har ƙirji nake dokawa.

A cikin kwanakin ne Dija ta kawo mini yadi daga gidansu. Baƙi ne mai kauri, irin wanda direbobi ke saye. Ta ce Baba ya ce a ɗinka masa wanduna, a yi wa gaban shafi biyu. Mutumin da tun tasowata ban taɓa ganinsa da wani abu ba sai fari! Na ce, "Baƙi kuma? Baba ne ko wani?" Ta ce ita dai haka aka aiko ta. Na yanka, na ɗinka, na goge, har na ƙi karɓar kuɗi ina jin na yi abin kirki. Tela ne ni fa, sana'ata ke nan, amma ban tsaya na tambayi kaina abin da dattijo zai yi da shafi biyu a gaban wando ba.

Akwai wasu alamun. Sallarsa ta gajarce, gajerun surori kawai, da ya yi sallama sai ya fice ba musafaha. Turarensa ya yi yawa har yana hawa kai. Baffa Hamman, ladaninmu kuma abokinsa tun na ƙuruciya, ya riƙa tsokanarsa yana cewa, "Modibbo, wai wa ke binka ne a baya?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Ranar da mutanen daji, masu tada ƙayar bayan nan, suka shigo gari, da hantsi ne. Ba sai na ba da labarin ranar ba, duk ɗan Mubi yana da nasa. Na samo wa mata da yara wuri a bayan wata a-kori-kura da ta nufi Yola, Dada ta hau, Dija ta hau da yaranmu, ni ma na ɗora ƙafa. Modibbo ya tsaya a ƙofar gida ya ce shi ba inda za shi. Ya ce liman ba ya barin masallaci, abin da Allah ya rubuta ba mota ce za ta goge shi ba. Maƙwabta suna gudu suna kabbara, wai ga mai tawakkali. Ɗansa namiji ɗaya ne, shi kuma yana Legas. Dija ta riƙe mini riga tana kuka ta ce, "In ka bar Baba a nan, kada ka biyo ni." Na sauko raina a ɓace. Gaskiya a ranar na ji haushin tsohon nan ba kaɗan ba.

Washegari da safe na durƙusa a bakin zaurensa na yi masa maganar da ta fi kowace tsawo tunda na san shi. Na ce, "Baba, in ba ka tafi ba ni ma ba zan tafi ba. In aka kashe mu, jikokinka sun zama marayu, kuma kai ka jawo." Can ya ce, "A ƙafa. Kai a gaba, ni a baya." Ya ɗauki butarsa da carbi muka fita ta bayan gari, muka bi ayarin masu gudu ta wajen Mugulbu.

A hanyar nan na gane komai. Ba ma yin nisa sai in ji takunsa ya ɗauke. In waiwaya, ya shiga bayan wani kurmi da buta. Ya daɗe, ya daɗe, sannan ya fito yana gumi. Mu ɗan taɓa tafiya, ya sake. Mutane suna wuce mu, har tsofaffin mata masu sanda. Da muka tsallaka wani mayo, wato rafi, na cika gora na miƙa masa, ya ce yana azumi. Na ce matafiyi ai an ɗauke masa. Ya yi kamar bai ji ba. Sai iska ta juyo daga wajensa, na ji zarnin fitsarin da turaren nan ke rufewa. Na dubi baƙin wandon da na ɗinka da hannuna, gabansa ya jiƙe duk da shafi biyun. Kunya ta rufe ni kamar ni ne na jiƙe. Na juya na ci gaba da tafiya ban ce masa komai ba, kuma wannan shirun yana cikin abubuwan da ke damuna har yau.

Kashegari ya daina shiga kurmi, na ɗauka sauƙi ne ya samu. Ashe abin ne ya toshe gaba ɗaya. Yana tafiya a sunkuye, hannu a mara. Muna isa wani ƙauye a Duvu ya zube a gindin tsamiya. Na ɗaga shi zan jingina shi, rigarsa ta zame, na ga ƙasan cibiyarsa ya taso kamar an kifa ƙwarya. Ya juya fuskarsa ga itacen, ya yi magana da shi ba da ni ba.

"Tela, tun jiya ba ya fita."

Na ce, "Baba, tun yaushe abin nan yake?"

"Tun kafin azumi yake ɗiga. Shi ya sa ban hau motar ba. Mata a ciki, jikokina a ciki."

Wani manomi ɗan ƙabilar Gude da ke ɗaure dawa kusa da wurin ya zo ya duba mu. Bai tambayi ko mu su wane ne ba. Matarsa ta dafa ruwa ta kawo da tsumma aka ɗora a marar, bai yi amfani ba. Sai mutumin ya fito da babur ɗinsa ya ce, "Wannan baba, ciki ya cika. Ka zauna baya, ka riƙe shi da kyau." Haka muka hau, Modibbo a tsakiya, ƙirjina a bayansa, hannuwana a ƙugunsa, mutumin da ban taɓa taɓa wani wuri a jikinsa ba sai tafin hannu. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ya danne ƙara a maƙogwaro yana salati. Manomin ya kai mu har inda ake samun motar Yola ta hanyar Maiha. Na ciro abin da ke aljihuna, ya ture hannuna ya juya. Ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake.

Asibitin da muka je a Yola ba wurin sa ƙafa. 'Yan gudun hijira ko'ina, a baranda, a ƙarƙashin itatuwa. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kuma ko safar hannu sai ka fita ka sayo. Ina ta safa da marwa, tsoho yana kwance a kan benci yana murƙususu. Wani mai ba da kati ya ce mini in dawo bayan ya ci abinci. Wallahi saura kaɗan in kama wuyansa. Amma a nan ɗin dai aka samu wata ma'aikaciyar jinya da ta hango mu ta bar abin da take yi, ta taɓa marar ta ce a shigo da shi yanzu-yanzu, za ta sa masa roba fitsarin ya fita.

Modibbo na jin mace ce za ta sa, ya kama bakin rigarsa ya ja har gwiwa ya ƙanƙame. Ta lallashe shi, ta ce, "Baba, ai ni 'yarka ce." Ya ce ai shi ya sa ba zai yarda ba. Ya ce gara ya mutu a haka. A nan zuciya ta ɗebe ni. Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba, na tsaya a kansa a gaban jama'a na ɗaga murya na ce, "Haba Baba! Mutuwar kake so, ko so kake a ce kai ba ka taɓa yin fitsari ba a duniya?" Masu jinya suka zuba mini ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Matar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi fushi ba, ta fita ta zagaya har ta samo namiji a wani sashe. Shi kuma ya ce dole wani ya riƙe ƙafafun. Ni na riƙe, fuskata a bango. Abin da ya fito baƙi-baƙi ne kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma ya yi ta zuwa kamar ba zai ƙare ba. Modibbo ya ce alhamdulillahi, ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Bayan an yi gwajin jini da hoto, likita ya zauna a bakin gadon. Maganarsa ta zauna mini. Ya ce, "Baba, wannan ciwon maza ne in sun manyanta. Wani nama ne a bakin mafitsara yake kumbura ya matse hanya, kuma rabin tsofaffin da ke ɗakin nan shi ya kawo su. Da ka zo tun yana ɗiga, da abin ya zo da sauƙi. Amma fitsarin ya daɗe yana taruwa yana komawa baya yana danne ƙoda, kai kuma ka hana ta ruwa. Ƙodarka ta gaji." Ya ce aikin da za a yi a buɗe hanyar sai ƙodar ta farfaɗo, in ta farfaɗo.

Makon farko zazzaɓi ne da sambatu. A mako na biyu muka samu su Dada ta waya, ashe suna gidan wani ɗan'uwa a Jimeta. Suka zo, amma Modibbo ya ce Dija ta gaishe shi daga bakin ƙofa. Dada ga ciwon gwiwa, kuma ba a barin mata su kwana a ɗakin maza. Don haka jinya ta zauna a kaina. Ni ke zubar da jakar fitsari, ni ke goge shi, ni ke wanke zanen gado. Muna yi ba mai duban wani, ba mai cewa uffan. 'Yan dubiya kuwa kowa da tasa. Wani ya ce sammu ne, masu ƙyashin limanci ne suka ɗaure shi. Wata gwaggon Dija ta kawo sassaƙe a galan. Wani ya kawo rubutu, wannan dai na bari ya sha don ko ba komai ruwa ne. Wanda ya fi ba ni haushi wani ƙanen Dada ne da ya ce a cire robar nan, wai salla ba ta yiwuwa da ita. Na raka shi har bakin titi na ce kada ya ƙara zuwa. Ɗan Legas yana aiko da abin da ya samu, tare da umarni ta waya kamar shi ke wanke zanen. Kuɗi suka ƙare, 'yan kunnen Dija suka tafi, na samu wani tela a kasuwa ya ara mini keke ina yin faci da rana.

Wata rana da la'asar ina shanya, Dada ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta ce ita ta sani tun farko, ita ke wanke wandunan a bayan ɗaki. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har 'ya'yanta. Ta ce, "Kullum na ji ana yabon azuminsa sai in shiga ɗaki in yi kuka. Na ɗauka rufa masa asiri nake yi." Ni kuwa ni ne shugaban masu yabon.

A mako na uku ne na yi ƙarfin halin tambayarsa. Ina zaune a ƙasa, bayana jingine da ƙafar gadon. Na ce, "Baba, ai kai ka karantar da mu cewa mai yoyon fitsari an yi masa uzuri, sallarsa ta yi."

Ya ce, "Ni na karantar. Sallarsa ta yi. Sai dai ba a so ya ja masu lafiya salla." Sannan ya ci gaba. "In na faɗa, sai in koma sahu. In na koma sahu, sai a tambayi dalili. Na ga in ban sha ruwa ba ɗigar tana raguwa, in iya kaiwa sallama. Na ce wa kaina don Allah nake azumin. Allah ya san don wa nake yi, Tela."

Likita ya ce a riƙa ba shi ruwa daidai gwargwado, a kuma tabbatar ya sha. Ni kuwa sai in ajiye kofi in fita baranda, don na san ba zai sha a gabana ba. In na dawo wani lokacin ya sha, wani lokacin yana nan yadda na bar shi. Ran nan na ajiye zan fita, ya ce, "Zauna." Na zauna. Ya ɗauki kofin da hannu biyu ya shanye ina kallo, ya miƙo mini ya ce, "Me ya rage kuma da ba ka gani ba?" Na karɓa na fita, na tsaya bayan tankin ruwa na yi kuka mai isata.

Da gari ya lafa muka koma Mubi. Shagona an kwashe shi tas, amma gidan Modibbo na nan. Ya dawo da robarsa, na ɗinka masa 'yar jaka da yake ɗaurewa a cinya ƙarƙashin riga, duk wata in kai shi a sauya. Aikin dai ba a taɓa yin sa ba, ƙodar ba ta farfaɗo yadda ake so ba. Ya miƙa limanci ga wani matashin malami, ya ce wa jama'a ƙafa ce ta hana shi tsayuwa. Da azumi ya zo bai yi ba, amma a cikin ɗaki yake shan ruwansa, ƙofa a rufe. Na roƙe shi ya gaya wa ko da Baffa Hamman ne. Ya ce in bar maganar.

Ya ƙara shekara da wani abu. Daga baya ƙafafu suka kumbura, abinci ya ƙi zama, shaƙuwa ta kama shi ba sauka. Da damina Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, kansa a cinyata. A al'ada Baffa Hamman da sauran dattawa ne za su yi masa wanka. Sai Dada ta aiko daga cikin gida cewa ya bar wasiyya: Tela ne zai wanke shi, shi kaɗai, don shi ya riga ya gani. Na shiga na rufe ƙofa. Na cire robar na naɗe ta a tsumma na sa a aljihu, don kada kowa ya gani.

A zaman makoki ba abin da ake zance sai azuminsa. Wani ya ce ya ga haske a fuskarsa a shekarar gudu. Wani ya ce albarkar azumin nan ce ta sa ba a ƙona masallacinmu ba. Ina zaune a gefe, kaina a ƙasa, ina amsa amin. Baffa Hamman ya share hawaye ya ce shi ma ya ɗauki azumin abokinsa, zai riƙa yi kullum har ya tarar da shi. Jama'a suka yi kabbara.

Ba a yi arba'in ba, ina shago Dija ta shigo da ƙunshi. Ta ce matar Baffa Hamman ce ta kawo, wai a ɗinka masa wanduna. Na kwance. Baƙin yadi ne mai kauri. Na dubi Dija, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta ce a yi wa gaban shafi biyu."

Na rufe shago na tafi wurin Dada da yadin a hannu. Ta shafa shi, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Na rufe asirin mijina har na binne shi. Je ka faɗa. Ka faɗa wa Hamman, ka faɗa wa duk wanda zai ji." Wannan rubutun daga nan ya samo asali. Ku da kuke da tsofaffi a gida, in kun ga dattijo ya fara gudun ruwa, ya yawaita turare, ya daina zama cikin mutane, kada ku tsaya yabo kamar yadda na yi. Ku samo namiji ɗan'uwansa ya tambaye shi a keɓe, ku kai shi asibiti tun abin yana ɗiga.

Na samu Baffa Hamman shi kaɗai a zaurensa bayan azahar, leɓɓansa sun bushe, ƙamshin turare ya cika wurin. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Na ajiye yadin a gabansa, na ajiye kofin ruwan da na zo da shi a gefe.

Na ce, "Baffa, ban ɗinka ba."

Ya ce, "Aiki ne ya yi maka yawa?"

Na ce, "A'a. Na taɓa ɗinka irinsa sau ɗaya, kuma ni na wanke mai shi."

Na gaya masa komai, tun daga tsamiyar Duvu har robar da na ɓoye a aljihu. Ina magana gumi yana keto mini, idona a kan tabarma. Bai katse ni ba. Da na gama, carbinsa ya tsaya cak a hannu.

Can ya ce, "Likitan nan, namiji ne?"

Na ce, "Namiji ne, Baffa."

"To, gobe ka zo bayan asuba. Ka biyo ta ƙofar baya."

Na miƙe zan fita. Ina sa takalmi na ga ya jawo kofin, ya juya mini baya. Na tsaya a bakin zauren ban tafi ba, sai da na ji ya shanye.